Mijina yana kan maganin tarin fuka, uwarsa ta ce a koma jiƙo

Wasiƙar wannan makon daga Tahoua, a ƙasar Adar ta Nijar, ta fito, daga wata matar aure mai ƴaƴa uku. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

"Anti, barka da aiki. Maigidana ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da tari wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya rame, kullum da dare sai rigarsa ta jiƙe da gumi. Da aka auna kakinsa a asibiti aka ce tarin fuka ne. Yau mako bakwai ke nan yana shan magani. Tarin ya ragu sosai, amma fitsarinsa ya koma ja, kuma wani lokacin zuciyarsa na tashi bayan ya sha. Inna, mahaifiyarsa, ta ce maganin nasara ne ke ƙona masa jini. Ta sayo jiƙo cikin jarka wajen wani mai magani ranar kasuwa, jikka goma, shi kuma ya ce mata ba a haɗa nasa da na asibiti. Kwana uku ke nan maigida bai sha na asibitin ba. Yana kuma zancen komawa Jado saboda bashi. Ni ba na iya musu da Inna, kuma ni ma da sabara da zuma aka raine ni, ban raina na gargajiya ba. Wanne zan ba shi, wanne zan hana? Autanmu shekararsa biyu."

Ƙanwata, sannu da jinya. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba, wato kwana ukun nan. Gobe da sassafe ki ɗauki katinsa, da ragowar ƙwayoyin, da jarkar jiƙon ita kanta, ku nufi inda ake ba shi magani. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya tsagwaronta: kwana kaza bai sha ba, ga abin da ya sha a madadin. Kada kunya ko tsoron faɗa su sa ku rage ko kwana ɗaya, don da wannan lissafin ne za a san yadda za a ci gaba. Kwana uku abu ne mai gyaruwa in an tashi yanzu. Kada kuma ya ce zai rama, ya haɗa na kwana ukun ya haɗiye lokaci guda. Kason kowace rana da nauyin jikinsa aka auna shi, shi ya sa aka ɗora shi kan sikeli ranar farko.

Jan fitsarin da ya tayar wa Inna hankali ba jini ba ne. A wata biyun farko magunguna huɗu ake curewa cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, izoniyazid, firazinamid da etambutol. Na farkon, garinsa kansa ja ne, kuma idan jiki ya gama aiki da shi yakan fito da launinsa cikin fitsari, wani lokacin har a gumi da hawaye. Ruwan goro ne, yakan fi kauri sa'o'i kaɗan bayan an sha, ya riƙa washewa zuwa dare. Duk wanda ke shan maganin haka yake gani. Hasali ma, ma'aikatan lafiya kan duba wannan launin su gane ko majiyyaci na sha da gaske. Tashin zuciyar kuwa ku faɗa musu. Sau da yawa sauya lokacin sha, ko ɗan abu mara nauyi a ciki, yakan kwantar da shi, amma su ne za su faɗa muku, kada ku yanke a gida.

Kin ce tarin ya ragu. Alhamdu lillahi, wannan aikin maganin ne, kuma nan ne mutane da yawa ke zamewa. Ƙwayar tarin fuka ba ta da gaggawa. Takan ɗauki sa'o'i 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, wasu kuma su lafe cikin huhu kamar ba sa nan. Makonnin farko suna kashe waɗanda ke hayayyafa, sai zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, abinci ya fara shiga. Waɗanda suka lafe ɗin su ne ake bi har wata shida: wata biyu da magunguna huɗu, wata huɗu da biyu daga cikinsu. Duk Ba'adaren da ya yi noman farko ya ga gona ta yi fes ya san aiki bai ƙare ba, in bai koma maimai ba ciyawar da ta yi saiwa ce za ta cinye hatsin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ƙwayoyin da suka tsira daga shan yau, barin gobe, su ne ke zama masu bijire wa magani. Nijar ta san wannan nau'in sosai. Tun 2008 ƙasar nan, tare da ƙungiyar Action Damien ta Beljiyam, ta fara gwada gajeren tsarin jinyarsa a Yamai, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka, kuma ana warkewa. Sai dai magungunan sun fi yawa, sun fi wahalar da jiki, sa ido ya fi tsanani. Kuma wanda ke ɗauke da irin wannan ƙwayar, ita zai shaƙa wa ɗansa mai shekara biyu.

Yanzu ga tambayarki ta gaskiya. Ni ma ban raina itatuwa ba, kuma babu mai ilimin da zai raina su. Kinin na zazzaɓin cizon sauro daga sassaƙen wani icce na Kudancin Amurka ya fito. Maganin da ake ba yaranmu yau na wannan zazzaɓin, tushensa wani ganye ne dangin tazargade da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa. Amma tarin fuka kam, kowace ƙasa ta gwada nata ganye da saiwa shekaru aru-aru, kuma kafin a samu maganin zamani kusan rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi. Sai a 1943 aka gano maganin farko da ya iya masa, sitireftomaisin, shi ma daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa cikin ƙasa. An gwada tsirrai da yawa a ɗakin bincike, har da tafarnuwa, wasu sun raunana ƙwayar cikin kwalba, amma har yau babu ɗaya da aka tabbatar yana share ta daga huhun mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu, miliyan 1.25 suka rasu. Da akwai saiwar da ke warkar da ciwon da ke ɗibar mutane haka, da likitocin duniya sun riga kowa zuwa haƙarta. Don haka duk mai maganin da ya ce a ajiye na asibiti kafin nasa ya ci, ki sani yana wasa da ran mijinki ne, ko ya sani ko bai sani ba. Masu maganin gargajiya na kirki, kuma muna da su, idan suka ga tari ya wuce mako biyu da rama da gumin dare, asibiti suke turawa.

Jarkar nan kuwa, ban gan ta ba amma na san irinta: ta taɓa ɗaukar man girki, ruwan ciki baƙi-baƙi, laka ta kwanta a gindi, in an buɗe murfin sai tsami ya bugi hanci. Babu wanda ya san itatuwa nawa ke ciki, ko yawan kowanne, wataƙila har shi mai sayarwar. To, uku daga cikin magunguna huɗun da maigida ke sha, hanta ce ke ɗaukar nauyinsu, kuma a waɗannan watannin farko tana aiki iyakar ƙarfinta. Akwai itatuwan da su kansu suke taɓa hanta ko ƙoda, kamar ƴaƴan rai-ɗore, akwai masu dafi a fili kamar nonon tumfafiya. An kuma sha ganowa a ƙasashe daban-daban cewa wasu masu sayar da jiƙo na daka ƙwayoyin kanti su zuba ciki, irin masu buɗe ciki da kumbura fuska, mutum ya ga kamar ya murmure alhali garkuwar jikinsa ake karyawa. Idan hanta ta kasa, dole likita ya tsayar da maganin tarin gaba ɗaya har ta farfaɗo, a wannan tsakanin kuma ƙwayar cutar na samun sarari. Shi ya sa na ce a tafi da jarkar a nuna, daga nan kuma kada ta koma bakinsa. Haka nan giya, da tiramol da wasu ke sabawa da shi a wuraren haƙa, da yawan shan farasitamol, da ƙwayoyin ƴan tebur. Taba kuma, huhun da ke ƙoƙarin warkewa ba ya buƙatar ta.

Ki riƙe waɗannan alamomin, ki koya wa Inna su ma. In farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi ruwan ƙasa mai duhu yini guda bai washe ba, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo ya kama shi a dama ƙarƙashin haƙarƙari, ko ƙuraje da ƙaiƙayi suka feso a jiki, ko ganinsa ya fara dushewa, a kai shi asibiti a ranar, kafin ya sha kaso na gaba. Haka in ya tofar da jini mai yawa. In tafin ƙafa ne ke zafi ko jin kamar ana tsira masa allura, ku faɗa, akwai bitamin B6 da ake bayarwa don haka.

Na gargajiya da zai taimake shi da gaske yana madafarki da kasuwar garinku, kuma ba ƙaramin taimako ba ne. Tarin fuka ciwo ne mai cin jiki, kuma rashin isasshen abinci na cikin manyan abubuwan da ke buɗe masa ƙofa. A wani babban bincike da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023, an riƙa ba iyalan masu tarin fuka kason abinci duk wata, sai sababbin kamuwa a waɗannan gidajen suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A cikin majiyyatan kuma, waɗanda suka ƙara nauyi tun a wata biyun farko sun fi tsira da rai. Shinkafa da wake da mai aka bayar, ba wani abu daga sama ba. Ke kuma a Adar kike. Ki dafa ganyen zogale ya yi laushi, ki matse ruwan, ki daka ƙuli-ƙuli ya yi gari, ki yanka albasar Galmi da tumatir, ki zuba man gyaɗa cokali biyu da ɗan gishiri da yaji kaɗan, ki cuɗa. Wannan kwanon kwaɗon ya fi jarkar jikka goma amfani a jikinsa nesa ba kusa ba. Ganyen nake nufi, saiwar zogale da ɓawonsa a bar su. Sai wake ta kowace fuska, dafa-duka, ƙosai, ɗanwake. Kunun gyaɗa da safe bayan maganin ya ɗan jima a ciki. Fura da nono da rana. Ƙwai in an samu, na kaza ko na zabi, hanta ko kifi ranar da aljihu ya yarda. Cikinsa ba zai ɗauki tuwo mai yawa a zama ɗaya ba, don haka kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Duk ranar karɓar magani a ɗora shi kan sikeli, ki riƙe adadin a kanki.

Maganar nono tana buƙatar tsayawa. Na san za a ce a nemo masa nonon raƙumi daga wajen Abalak, kuma abinci ne mai kyau. Amma kowane irin nono, na raƙumi ko na saniya ko na akuya, a tafasa shi tukuna. Shanu na da nasu tarin fuka da ke shiga mutum ta ɗanyen nono, akwai kuma wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka ta wannan hanyar. Cuku ma a gasa shi sosai. Fitsarin raƙumi kuwa, in wani ya kawo zancensa, ki ce a'a.

Zuma tana sanyaya maƙogwaro, tana rage tarin dare, wannan likitoci ma sun yarda da shi. Cokali ɗaya cikin ruwan ɗumi da lemon tsami kafin barci, sai dai in yana da ciwon sukari, abin da ya kamata a auna masa in ba a riga an auna ba. Citta ɗanya, ɗan yanki a tafasa, takan kwantar da tashin zuciya. Tafarnuwa da kanumfari da masoro su shiga miya yadda aka saba. Habbatus sauda, ɗan tsunkule cikin zuma ba laifi, amma ba a riƙa kwankwaɗar manta ba. Ma'aunin da zan ba ki mai sauƙi ne: abin da ake ci a matsayin abinci, a gwargwadon da ake cin sa, ki ba shi da zuciya ɗaya. Abin da ake jiƙawa ko dafawa don ɗacinsa, sassaƙe ne ko saiwa, maɗaci ko bagaruwa ko bedi, a jingine shi har a gama wata shida. Sabarar da aka raine ki da ita, na san an daɗe ana shan ta don tari da mura a duk ƙasar Hausa, kuma ba na zarginta da komai. Duk da haka ita ma zan so ta jira, don in wani abu ya taso a hantarsa a san inda za a duba. Turaren magani da ake rufe mutum da bargo ya shaƙi hayaƙi, wannan kam a bari gaba ɗaya, hayaƙi ƙara fama huhu yake yi. Ki kuma nisanta shi daga hayaƙin murhu, in ƙurar hunturu ta taso ya rufe hanci da rawani. Addu'a da tofi da sadaka babu inda suka ci karo da ƙwayar asibiti. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, kuma wannan ɗin da ake bayarwa kyauta a asibitin gwamnati yana cikin abin da Allah ya saukar.

Saura Inna, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Matar nan ta ga ɗanta ya tafi da ƙafarsa ya dawo ƙashi da fata. Ta cire jikka goma, wataƙila kuɗin akuyarta, don ta yi wani abu da hannunta. In kika ce mata jiƙonta guba ne, kin ce mata ta so kashe ɗanta, kuma daga ranar ba za ta ƙara jin maganarki ba. Kin yi daidai da ba ki yi musu da ita ba, suruka ba abokiyar jayayya ba ce. Maganar hana jiƙo kada ta fito daga bakinki. Ki sami wanda take jin nauyinsa, yayanta ko baffan maigida ko limamin unguwa, ki yi masa bayani a keɓe. Mafi kyau ma, ki roƙe ta ta raka ku asibiti goben, ki ce, "Inna, ke ce babba, in lokotoro ya yi bayani ke za ki fi riƙewa, ni tsoro nake ji." Ta ji daga bakin ma'aikacin lafiya cewa jan fitsarin launin magani ne. Sannan a ba ta aiki. Tsarin jinyar tarin fuka da kansa yana son a sami mutum guda da zai riƙa ganin majiyyaci ya haɗiye maganinsa kullum. Wa ya fi uwa cancanta? Bayan sallar asuba ta ɓare ƙwayoyin daga takardarsu, ta miƙa masa da kofin ruwa, ta tsaya har ya haɗiye, a sa alama a kati. Namiji na iya ce wa matarsa "sai anjima", da wuya ya faɗa wa mahaifiyarsa haka. Zuma da citta ma a bar su a hannunta, ita za ta haɗa masa da dare. Ta haka ba a ƙwace mata jinyar ɗanta ba.

Ke da yaran fa? Ban ga kin ce an duba ku ba. Ku tafi duka. Autan, da duk yaron da bai kai shekara biyar ba, ko da ba ya tari akwai maganin kariya da ake ba shi na wasu watanni bayan an tabbatar bai kamu ba, don allurar BCG ta ranar haihuwa ba ta tare komai da komai. Ke da Inna, in akwai mai tari ko rama ko zazzaɓin dare, a auna kaki. Akwai na'urar GeneXpert da ke ba da sakamako cikin kamar sa'o'i biyu, har ta nuna ko ƙwayar na bijire wa rifamfisin. Za a kuma nemi auna jininsa don cutar ƙanjamau, in ba a yi ba. Ƙa'ida ce ga duk mai tarin fuka, ba zargi ba ne, kada ya ƙi, ke ma ki yi. Ta iska ciwon ke yaɗuwa, ba ta kwano ko cokali ko gaisawa ba, don haka babu dalilin ware masa kwanon abinci kamar baƙo. Wanda ya yi makonni yana shan magani daidai, yaɗawarsa ta ragu ƙwarai, amma tunda an sami tsaiko, a buɗe tagogi, ya riƙa yini a rumfa ko gindin icce, ya rufe baki in zai yi tari, autan kuma ya kwana wani ɗakin har a ga sakamakon awon kaki na ƙarshen wata biyu, wanda ya kusa. Akwai wani awon a wata na biyar da na shida, da su ne ake cewa mutum ya warke, ba da jin ƙarfin jiki ba.

Batun Jado ba zan ɓoye miki ba, ban yarda ya koma yanzu ba. Ƙurar dutsen da ake fasawa a ramukan zinariya na yi wa huhu tabon da ba ya gogewa, kuma masu shaƙar ta sun fi kowa saurin kamuwa da tarin fuka da sake kamuwa da shi. Ga nisa da asibiti, ga kwana a cunkushe, ga ƙarancin abinci mai kyau. Na san bashi ba ya jin bayani. Amma saura wata huɗu da ƴan kwanaki ne, kuma wannan magana ce ta maza: ƴan'uwansa da ke Abijan ko Libiya, da wanda ke bin sa bashin, a zauna a nemi jinkiri zuwa ranar da aka rufe katinsa. Baffan da kika samu don maganar Inna shi zai kira wannan zaman ma. In duk da haka ya ce sai ya yi wata tafiya, ko ta kusa ce, kada ya ɗaga ƙafa sai ya gaya wa masu ba shi magani, su rubuta masa takardar da zai ci gaba da karɓa a inda zai sauka.

Ki rubuto mini bayan awon kakin, ki gaya mini abin da ya nuna, da kilo nawa ya ƙaru, da ko an fara ba autan nasa maganin.